Daga kyaftin zuwa koci: me ke sa tsohon ɗan wasa ya iya riƙe tawagar ƙasa?

Daga watan Fabrairun 2024 zuwa Janairun 2025, mutum biyar aka kira da sunan kocin Super Eagles. José Peseiro ɗan Portugal ya kai tawagar wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, kwantiraginsa ya ƙare ya kama gabansa. Finidi George ya karɓi ragama a ƙarshen Afrilu, ya ajiye a watan Yuni. A watan Agusta hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta sanar da Bajamushe Bruno Labbadia, kafin mako ya zagayo magana ta wargaje. Augustine Eguavoen ya yi riƙon ƙwarya, daga bisani aka ɗauko Eric Chelle mutumin Mali. Huɗu daga cikinsu sun taɓa sanya rigar ƙasarsu lokacin da suke wasa. Peseiro ne kaɗai bai taɓa ba, kuma shi ne ya kai wasan ƙarshe.

Wannan ya sake ta da gardamar da ba ta mutuwa a gidajen kallon Agege da Idi-Araba da Mile 12. Wasu na cewa a bar wa 'yan wasan da suka ci kofin Afirka a 1994 kayansu, su suka san zafin rigar. Wasu na cewa gwanin fili ba lalle ya zama gwanin benci ba, a nemo baƙo. Kowane ɓangare yana da sunayen da yake kafa hujja da su, amma duka biyun sukan tsallake aikin kansa: me kocin ƙasa yake yi, kwana nawa yake samu da 'yan wasansa, wace takarda ake nema a wurinsa, kuma wa zai tsaya masa ranar da aka yi rashin nasara.

Muƙaman da ake cakuɗawa

Babban koci shi ne mai fitar da sunayen waɗanda za a gayyata, ya tsara atisaye, ya zaɓi sha ɗayan farko, ya yi canji. Mataimakansa kowa da ɓangarensa: mai horar da masu tsaron raga, mai kula da ƙarfin jiki, mai nazarin bidiyon abokan karawa. Daraktan fasaha kuwa ma'aikacin hukuma ne, aikinsa tsara kwasa-kwasan masu horarwa da tawagogin matasa, ba zaman benci ba. Eguavoen ne ke kan wannan kujera a NFF a 2024, shi ya sa da aka rasa koci aka tura shi riƙon ƙwarya.

Akwai wani muƙami da Najeriya ta daɗe tana amfani da shi, wato mai ba da shawara kan dabarun wasa. Sunan yana nuna kamar mai taimako ne daga gefe, amma a aikace shi ne shugaba. Da wannan suna Gernot Rohr ya zo a 2016, alhali Salisu Yusuf ke ɗauke da sunan babban koci a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya san wannan tarihi ya san abin da ake nufi a watan Yunin 2024, lokacin da NFF ta ce za ta ɗauko baƙo a wannan muƙami. Ba a kori Finidi ba, amma an sanar da shi cewa wani zai hau samansa. Kwanaki kaɗan bayan haka ya miƙa takardar ajiye aiki.

Takardar shaida

Suna ba ya maye gurbin lasisi. A tsarin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, lasisin horarwa hawa-hawa ne: D, sai C, sai B, sai A, sannan na ƙoli da ake kira Pro. Na ƙasa don masu koyar da yara da ƙungiyoyin unguwa ne, na sama don manyan kulob da tawagar ƙasa. A Turai, mafi ƙarancin lokacin karatun da UEFA ta gindaya shi ne awa 60 a matakin C, 120 a B, 180 a A, 360 a Pro. Tsakanin mataki da mataki sai mutum ya nuna cewa ya yi aikin horarwa na wani lokaci, don haka wanda ya fara daga tushe shekaru yake ɗauka kafin ya kai ƙoli. Tsofaffin ƙwararrun 'yan wasa akan rage musu hanya a matakan farko, amma ba a yafe musu jarrabawa.

Abin da ake koyarwa a waɗannan kwasa-kwasan shi ne ainihin abin da ɗan wasa ba ya koya a fili: yadda ake raba nauyin atisaye a cikin mako don kada tsoka ta tsinke ranar wasa, yadda ake yanka bidiyon minti casa'in ya koma minti goma da 'yan wasa za su iya riƙewa, yadda ake tsara tsaron kwana da bugun tazara, yadda ake gaya wa mutum ba zai buga ba kuma gobe ya fito atisaye da zuciya ɗaya. Ɗan wasa kansa kaɗai yake lura da shi. Koci yana lura da mutum ashirin da biyar, kuma sha huɗu daga cikinsu a kowane wasa ransu a ɓace yake don suna benci.

An taɓa tsallake wannan ƙa'ida. Lokacin da Jamus ta Yamma ta ba Franz Beckenbauer tawaga a 1984 ba shi da lasisin, sai aka ƙirƙiro masa wani muƙami, aka haɗa shi da mai takarda. Ya ci kofin duniya a 1990. Yanzu wannan ƙofa ta ƙuntata, domin ko a gasar kulob-kulob ta Afirka CAF tana neman babban koci ya riƙe lasisin A ko sama da haka kafin ya zauna a benci.

Kwana tara

A nan ne aikin kulob da na ƙasa suka rabu. Kocin Enyimba ko Kano Pillars yana ganin yaransa kusan kullum, wata tara ko goma a shekara. In ɗan baya ba ya iya rufe gurbi, zai maimaita masa sau hamsin har ya zauna. In ba shi da ɗan gaba, zai sa a sayo. Kocin ƙasa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Hutun FIFA, wato lokacin da kulob ke sakin 'yan wasa su tafi tawagar ƙasa, wanda aka saba da shi har zuwa 2025 kwana tara ne, daga Litinin zuwa Talatar mako na gaba, wasa biyu a ciki, kuma a watannin Maris, Yuni, Satumba, Oktoba da Nuwamba kawai.

A duba yadda kwanakin ke tafiya. Ɗan wasa ya buga a Ingila ko Italiya ranar Lahadi da yamma. Litinin yana jirgi. Talata ya iso sansani a Uyo, likita ya duba shi, abin da zai iya yi bai wuce sassarfa da miƙe jiki ba. Laraba ce ranar atisaye mai nauyi guda ɗaya da za a samu kowa da kowa. Alhamis a yi mai sauƙi, a bita kwana da fenareti, a gana da 'yan jarida. Juma'a wasa. Asabar hutun gajiya, Lahadi tafiya wata ƙasa, Litinin taka filin da za a yi wasa, Talata wasa na biyu, da daddare kowa ya nufi filin jirgi. Atisaye na gaske bai wuce biyu ko uku ba. Saboda haka kocin da ya zo da salo mai rassa da yawa, irin wanda kulob ke shafe wata biyu yana koya, tawagar ƙasa ba za ta ɗauke shi ba. Wanda ke cin nasara shi ne mai tsari ɗaya bayyananne, da ƙashin bayan mutum bakwai ko takwas da ba ya canzawa.

Sauran kwanakin shekara kuma aikin zaɓe ne da bibiya: kallon wasanni, kiran 'yan wasa a waya, lallashin kocin kulob da ba ya son sakin ɗan wasansa, da zawarcin yaran da aka haifa a waje. Tun gyaran da FIFA ta yi a 2020, wanda ya buga wa wata ƙasa manyan wasannin da ba su wuce uku ba kafin ya cika shekara 21 zai iya sauya sheƙa bisa wasu sharuɗɗa. Wanda kuma bai wuce tawagar matasa ba, hanyarsa ta fi sauƙi, kamar Ademola Lookman da ya bar Ingila ya zo Najeriya a 2022. A wannan fage tsohon tauraro yana da fifiko na gaske, domin iyayen yaro sun san shi, sun kalle shi, wayarsa ba ta zama ba a ɗauka ba.

Sai ƙananan abubuwan da ke rusa babban aiki. A Nuwambar 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasan Aljeriya alhali katin gargaɗinsa ya cika biyu, FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci 3-0. Allah ya taimaka an riga an samu gurbin kofin duniya. Afirka ta Kudu ta yi irin wannan kuskure da Teboho Mokoena a wasan Lesotho a 2025, aka zare mata maki uku. Ƙirgen kati aikin sakataren tawaga ne, amma sunan koci ake kira. A Oktoban 2024 kuma tawagar Najeriya ta kwana a filin jirgin Al Abraq na Libiya bayan an karkatar da jirginta, wasan bai yiwu ba, CAF ta ba Najeriya maki uku. Babu kwas ɗin da ke koya wa mutum yadda zai riƙe hankalin 'yan wasa a irin wannan dare. A nan gogewar wanda ya sha zirga-zirgar Afirka yana ɗan wasa take amfani.

Hanyar Stephen Keshi

Mutum biyu kaɗai suka ci kofin Afirka suna 'yan wasa suka sake ci suna koci: Mahmoud El-Gohary na Masar, a 1959 da 1998, da Stephen Keshi, a 1994 da 2013. Masu cewa a ba tsohon kyaftin da Keshi suke buɗe baki. Sai dai tsakanin kofin farko da na biyu akwai shekara 19, kuma abin da ya faru a cikinsu shi ne darasin.

A Legas ƙwallonsa ta tashi. Ya yi makarantar St. Finbarr's da ke Akoka, ya buga wa ACB, sannan New Nigerian Bank ta Binin. A tsakiyar shekarun 1980 hukuma ta dakatar da shi da wasu abokan wasansa kan jinkirin zuwa sansani, sai ya tsallaka Abidjan, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports. Daga can ya wuce Beljiyam, Lokeren sannan Anderlecht, ya ƙara gaba zuwa Strasbourg ta Faransa. Wannan yawo ya ba shi abu biyu da suka yi masa rana daga baya: Faransanci a baki, da sanin yadda ake tafiyar da ƙwallo a ƙasashe rainon Faransa.

Da ya bar wasa bai faɗa kan babbar kujera kai tsaye ba. Ya yi karatun horarwa a Amurka. Ya zama mataimakin Shuaibu Amodu a tawagar da ta samo gurbin kofin duniya na 2002, aka sallame su bayan sun zo na uku a kofin Afirka a Mali, Festus Onigbinde ya tafi da tawagar Japan da Koriya. A 2004 ya karɓi Togo, ƙasar da ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, ya fitar da ita a saman rukunin da Senegal take ciki. Amma a kofin Afirka na 2006 a Masar Togo ta sha kashi a wasanninta uku, ga takun saƙa tsakaninsa da Emmanuel Adebayor, sai aka cire shi, Otto Pfister ya kai su Jamus. Karo na biyu ke nan ya yi noma wani ya girbe. Ya riƙe Mali daga 2008, aka kore shi a 2010 bayan an fitar da su a zagayen rukuni a Angola. Lokacin da Najeriya ta kira shi a ƙarshen 2011, ya riga ya san hali irin na hukuma, ya san rigimar tauraro, ya san ɗacin kora.

Wannan sani ya bayyana a zaɓen da ya yi na 2013. Ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, duk da surutun da ya san zai biyo baya. Ya ɗauki 'yan gasar cikin gida shida, ciki har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, bayan ya shafe watanni yana tara su a sansani a Abuja, wato ya samar wa kansa kwanakin atisayen da hutun FIFA ba ya bayarwa. Ya haɗa Godfrey Oboabona da Kenneth Omeruo a tsakiyar baya, kyaftin Joseph Yobo ya koma benci. Farkon gasar bai yi armashi ba: kunnen doki 1-1 da Burkina Faso, 1-1 da Zambiya, sannan fenareti biyu na Victor Moses a ragar Habasha suka kai su zagaye na gaba. Daga nan aka doke Ivory Coast ta su Didier Drogba 2-1, aka lallasa Mali 4-1, ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg Sunday Mba, ɗan gasar gida, ya ci ƙwallo ɗayan da ta kawo kofi. Shi ne kuma ya ci ta biyu a ragar Ivory Coast.

A nan za a ga abin da kyaftincinsa ya saya masa da abin da bai saya masa ba. Ya iya ajiye Yobo a benci ba tare da sansani ya tarwatse ba, domin babu ɗan wasan da zai ce masa bai san abin da ake ji ba. Wannan ribar suna ce. Amma gane cewa Mba zai iya, da shirya yadda za a hana Yaya Touré sakat a tsakiya, wannan ribar shekarun Togo da Mali ce. Kuma duka biyun ba su kare shi daga hukuma ba. Washegarin cin kofi ya ce ya ajiye aiki, aka lallashe shi ya dawo. Ya yi watanni yana bin bashin albashi. Ya kai Najeriya zagaye na biyu a kofin duniya na 2014 a Brazil, inda Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu, Faransa ta fitar da su da 2-0. An cire shi a Oktoban 2014, an mayar da shi, an kasa samun gurbin kofin Afirka na 2015, an sallame shi a Yulin 2015. Ya rasu a Binin ranar 7 ga Yunin 2016, Amodu ya bi shi bayan kwana uku.

Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba

Sunday Oliseh ya gaji Keshi da takardu masu kyau da iya sharhin dabaru, amma bai taɓa riƙe babbar tawaga ba. Cikin wata uku ya yi sa-in-sa da Vincent Enyeama kan kyaftinci, ya ba Ahmed Musa kambun, Enyeama ya bar tawagar. A Fabrairun 2016 Oliseh ya ajiye aiki yana ƙorafin rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya. Diego Maradona, wanda ba a ja da gwanintarsa, yana kocin Ajantina ya sha 6-1 a hannun Bolibiya, Jamus ta yi masa 4-0 a 2010. Matsalar da ake yawan gani ga manyan gwanaye ita ce abin da jikinsu ya yi ba tare da tunani ba yana yi musu wuyar bayani, kuma haƙurinsu da mai matsakaicin ƙwazo gajere ne.

Amma ba za a ce rashin koyon aiki ne ya kayar da kowa ba. Samson Siasia ya kai matasa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2005, ya ci azurfa a Olympics ta 2008, duk da haka kunnen doki 2-2 da Gini a Abuja a 2011 ya raba shi da kujera. Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin 1980 a babban filin Surulere, ya zo na uku a 2004, sai 1-1 da Angola a Kano a 2005 ta gama da shi. Finidi, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, ya bi matakan da ake so a bi: ya ci gasar Najeriya da Enyimba a 2023, ya yi mataimakin Peseiro. Wasa biyu na gasa aka ba shi, 1-1 da Afirka ta Kudu a Uyo da rashin nasara 2-1 a hannun Benin a Abidjan.

A kwatanta da Aliou Cissé. Shi ne kyaftin ɗin Senegal da ya ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na 2002. Ya fara da tawagar 'yan ƙasa da shekara 23, aka ba shi babbar a 2015. Kamaru ta fitar da shi a 2017, yawan katin gargaɗi ya fitar da shi daga kofin duniya na 2018, Aljeriya ta doke shi a wasan ƙarshe na 2019. Ba a kore shi ba. A Fabrairun 2022 ya kawo wa Senegal kofinta na farko, shekara bakwai bayan kama aiki. Walid Regragui ya shafe shekaru a FUS Rabat, ya ci kofin zakarun Afirka da Wydad, kafin ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a Qatar. Didier Deschamps ya bi ta Monaco da Juventus da Marseille kafin Faransa. Ko Emerse Faé, da ya karɓi Ivory Coast ana tsakiyar gasa ya doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe, mataimaki ne da ke cikin sansanin tun farko.

Ɗan gida ko baƙo

Masu son baƙo suna da hujja. Otto Glória ɗan Brazil ne ya ci kofin 1980, Clemens Westerhof ya ci na 1994, Jo Bonfrère ya ci zinaren Olympics a 1996. Suna cewa baƙo ba shi da ƙabila ko jiha a nan, dillalan 'yan wasa da manyan gari ba sa samun ƙofar matsa masa cikin sauƙi, kuma 'yan wasan da suka saba da tsarin Turai sun fi sakin jiki da shi. Masu son ɗan gida su ma suna da tasu: ya san gasar cikin gida, yana zaune a ƙasa ba ya zuwa sai lokacin wasa, albashinsa bai kai na baƙo da ake biya da dala ba, kuma kofunan Afirka na 2019 da 2021 da 2023 duk 'yan gida tsofaffin 'yan wasa ne suka ci su, Djamel Belmadi da Cissé da Faé.

Akwai bambancin da ba a cika ambata ba, kuma ya fi launin fata tasiri. Tun 2021 FIFA take da dokar kare kwantiragin masu horarwa. In aka riƙe wa koci albashin wata biyu, zai ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya soke kwantiragin ya nemi diyya, kuma hukumar da ta ƙi bin hukunci ana iya riƙe mata wani kaso na kuɗin raya wasa. Sai dai kotun FIFA tana sauraron rigimar da ta haɗa koci da hukumar ƙasar da ba tasa ba ce. Rohr ya kai NFF ƙara bayan an kore shi a 2021, aka umarci a biya shi. Tun kafin wannan doka ma, an cire Zimbabwe daga neman gurbin kofin duniya na 2018 saboda bashin wani koci ɗan Brazil. Ɗan gida kuwa rigimarsa ta cikin gida ce, sai dai ya bi ta kwamitoci ko kotu, kuma wanda ya kai hukuma kotu ya san da wuya a sake kiransa. Saboda haka korar baƙo tana da tsada, korar ɗan gida kusan kyauta ce. Westerhof ya samu shekara biyar, Rohr ma haka. In ana auna sakamakon ɓangarorin biyu, adalci ne a auna tsawon lokacin da aka ba kowa.

Chelle ya faɗo tsakanin ɓangarorin. Ɗan Afirka ne, tsohon ɗan baya da ya buga wa Valenciennes da Lens, ya riƙe Mali daga 2022 zuwa 2024, amma a idon dokar FIFA baƙo ne. Ya tarar da maki uku kacal daga wasa huɗu na neman gurbin kofin duniya, ya kai tawagar wasan cike gurbi a Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da ita a bugun fenareti a Nuwambar 2025. Makin da aka zubar tun ana canje-canjen koci su ne suka kai ta can.

Yadda abin ke taɓa mutanen gari

Rashin zuwa kofin duniya sau biyu a jere, 2022 da 2026, ba ɓacin rai kaɗai ba ne. Mai gidan kallo a Agege yana biyan kuɗin tauraron ɗan Adam da man janareto ko Najeriya ta je ko ba ta je ba, amma ranar wasan Najeriya ce benci ke cika har a tsaya a bakin ƙofa. Mai shayi da mai tsire da ke gefensa da shi suke ci. Ɗan kasuwar da ke saro riguna a Balogun yakan yi oda watanni kafin gasa, in aka fitar da tawaga kaya sun kwanta.

Ɗan wasan gasar cikin gida shi ma zaɓen koci ya shafe shi kai tsaye. Kocin da ke zuwa filin Onikan ko Ikenne ko Kano yana kallo da idonsa, shi ne zai iya fito da wani Mba. Gayyata ɗaya zuwa tawagar ƙasa tana ɗaga darajar yaro a kasuwa, ta sauƙaƙa masa samun kulob a waje.

Ga masu horar da yara a filayen unguwa, da 'yan wasan da shekaru suka fara cim musu, hanya a buɗe take amma da tsari. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke cikin babban filin Surulere tana ba da kwas ɗin horarwa, sai dai takardarta dabam, lasisin CAF dabam, shi ta hannun NFF da hukumomin jihohi ake yin sa. Kafin mutum ya biya kuɗin kowane kwas, ya tabbatar daga hukumar ƙwallon jihar Legas cewa an amince da shi, domin takardar halartar taron kwana uku ba lasisi ba ce. Wanda ya fara matakin D yana da shekara 28, yana wasa yana koyar da yara da yamma, zai bar fili da takarda da gogewa a hannu. Manu Garba da Emmanuel Amuneke ta tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 suka bi, suka ci kofin duniya a 2013 da 2015, daga baya Amuneke ya kai Tanzaniya kofin Afirka a 2019, karon farko tun 1980.

Jadawalin aikin ma yana sauyawa. Daga 2026 FIFA ta haɗe hutun Satumba da na Oktoba ya zama guda mai kwana 16 da wasa huɗu, na Maris da Yuni da Nuwamba suka tsaya a kwana tara. Wannan zai ba koci sansani ɗaya mai ɗan tsawo a shekara da zai iya koyar da tsari a cikinsa, amma ɗan wasan da ya ji rauni a wannan lokaci wasa huɗu zai rasa a jere. CAF kuma ta sanar a Disambar 2025 cewa bayan 2028 kofin Afirka zai koma duk shekara huɗu maimakon biyu. Ban da kofin duniya, gasar ce kaɗai lokacin da kocin ƙasa ke samun 'yan wasansa wata guda cur, don haka wanda aka ba kwantiragin shekara biyu nan gaba zai iya gama wa'adinsa bai taɓa zama da tawagarsa fiye da kwana 16 ba.